Kwantaccen Cikin Hansai

Kwanakin baya wata ɗaliba a cikinku ta ɗauki kahona na sauraron ciki daga kan tebur, ta jujjuya shi, ta tambaye ni ko mazurarin kananzir ne. Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ba laifinta ba ne. Ku kun taso kun tarar da na'urar hoton ciki: a shafa wa mace mai a mara, a goga, kowa ya zuba ido a talabijin ya ga kai da ƙafa, har maigida ya leƙo yana tambaya namiji ne ko mace. Shi ya sa nake jin kuna cewa aikin ungozoma ya zo da sauƙi, inji ne ke magana, ke dai ki rubuta. To ku gyara zama. Wannan ɗan gwangwanin da kuke wa dariya shi ne idona shekara tara a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma jin abin da ke cikin mace bai taɓa ba ni wuya kamar faɗa mata ba.

A 1981 aka tura ni can, ina gama makaranta. Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano, an gina shi a bakin kanal ɗin da ke kai ruwan Tiga gonakin alkama da tumatir. Kayan aikina kaf suna shiga akwati ɗaya: kahon nan, tef na awon ciki, almakashi biyu, zaren ɗaurin cibiya, abin awon jini da robar sauraro tasa, sai safar hannu da nake wankewa in shanya a igiya in barbaɗa mata hoda in sake sawa. Akwai risho da tukunya mai murfi, kullum da safe sai na tafasa ƙarafan nan ko da mai naƙuda ko babu. Wani dattijo mai ba da magani yana zuwa da keke daga Kura, azahar na yi ya koma. Daga nan sai ni. Ɗakina yana bayan asibitin, kuma sau da yawa daga la'asar zuwa wayewar gari ba wanda nake jin muryarsa sai mutumin rediyo.

Ga yadda ake aiki da kaho, tunda kun raina shi. Ki fara laluba cikin da tafin hannu har ki gano inda bayan ɗan yake, ki ɗora faffaɗan bakin a wajen, ki manna kunnenki a ɗaya bakin, sannan ki cire hannu daga jikin kahon, don in kin riƙe shi ƙarar yatsunki za ki yi ta ji. Bugun ɗa yana da sauri, kamar agogon hannu da aka tura ƙarƙashin matashi. Amma akwai wani sauti da ke yaudarar sabon hannu, shuu, shuu, kamar ana fifita wuta. Wannan jinin uwar ne yake wucewa. Maganinsa ki kama tsintsiyar hannunta kina saurare. In abin da kike ji yana tafiya daidai da bugun hannunta, to ita kike ji, ba wani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A makaranta aka koya mini sunayen abubuwa, amma hannu a wurin Inna Delu na koye shi. Ita ce ungozomar garin tun kafin a haƙa kanal, rabin mutanen da ke noma a wajen ita ta yanke musu cibiya. Da na zo ba ta ko amsa gaisuwata sosai, tana ce mini 'yar birni mai farar riga. Wata uku ina bin ta gida gida ina riƙe mata ƙwarya kamar wata baiwarta, kafin ta yarda in taɓa ciki a gabanta. Ita ta nuna mini yadda ake gane ɗan da ya zo ta ɗuwawu tun watan takwas, da yadda ake sanin mai haihuwar fari ta jigata ko da ta cije baki saboda kunya ba ta yi ko tari ba. Ni kuma na yi ta fama da ita har ta daina yanka cibiya da tsohuwar reza. Ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba, kawai wata rana na ga sabuwar reza ƙulle a bakin zaninta.

Ranar Talata ake awo. Mata su cika dogon bencin baranda, wasu da goyo, wasu ƙafafu duk laka don sun biyo ta gefen gona. Lokacin ɗibar tumatir sai benci ya ragu, don kowace tana gida tana dafa wa 'yan ƙwadago abinci, ko tana yankan tumatir ana shanyawa. Zazzaɓi kuwa ba rani ba damina, tunda ruwa ya zo sauro ya samu wurin zama. A bencin nan ake duk wata hira ta mata, a yi wa wannan tsiya cewa tagwaye ne, a ce wa waccan ta rage cin ɗanwake. Wadda ba ta da ciki ba ta da abin zama a wurin.

Wata Talata cikin sanyi, shekarata ta biyu da zuwa, wata mata ta shigo tare da uwar mijinta. Sunanta Hansai, doguwa, mai sanyin magana, za ta yi talatin da ɗoriya. Shekararta goma sha ɗaya a gidan Malam Garba, manomin alkama, ɓari ɗaya ta taɓa yi tun farkon aure, daga nan shiru. Yanzu ga ciki ya fito kamar na wata biyar. Ta hau gado tana murmushi tana ɓoye fuska. Ina ɗora hannu na san akwai magana. Cikin haihuwa yana da laushi, in kin danna yana ba ki hanya. Wannan tauri ne da shi, guda guda, kamar an cusa goruba a buhu. Na ɗora kaho dama, na ɗora hagu, na kama hannunta. Shuu, shuu, daidai da nata. Na tambaye ta al'ada, ta ce tana gani, har jinin ya fi na da yawa. Ƙari ne ya fito mata a mahaifa. Ban yi shakka ba ko kaɗan.

Uwar mijin ta ga na daɗe ban ɗago ba. Ta matso ta ce, a hankali, "Malama, ko kwanciya ya yi?"

Ku 'yan birni wataƙila ba ku san kwantaccen ciki ba. A wurin mutanenmu, in mace mai ciki ta ga jini ko ta tsorata, ɗan yakan kwanta ya yi barci, ya daina girma, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sai ranar da Allah ya tashe shi. Ba wanda ke musun wannan a garin, tsofaffi sun san shi, malamai suna ba da rubutun tayar da shi. Na dubi Hansai, ta daina murmushi, idonta yana kan bakina. A waje mata suna ta dariya a benci. Ina da shekara ashirin da uku, ban taɓa gaya wa kowa mugun labari ni kaɗai ba. Sai na gyaɗa kai na ce, "Yana yiwuwa." Na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, na yanka mata kati, na ce ta dawo wata Talatar. A raina na ce in ta dawo ita kaɗai zan yi mata bayani.

Ta dawo ita kaɗai, ban yi ba. Ta zo da wuri ta samu wuri a tsakiyar benci, an matsa mata, ana ce mata mai ciki, ana tsokanarta cewa ɗanta malalaci ne irin ubansa. Tana ta dariya har da riƙe baki. Shekara goma sha ɗaya tana wuce barandar nan da tulu a ka, yau ga ta a zaune. Na ce bari dai wata Talatar. A zuwa na huɗu na ɗan ce ya kamata su je birni a duba, amma na faɗe shi da sanyin murya, irin faɗar wanda ba ya so a ji. Malam Garba ya aiko da godiya, ya ce tunda kwanciya ya yi ai ba gaggawa, a bari a yanke alkama.

Haka muka yi shekara ɗaya da wata huɗu. Duk Talata ta hau gado, in ja tef, in ga ya ƙaru da ɗan yatsa, ta yi murna wai ya fara motsawa. In ɗora kaho in yi kamar ina neman wani abu. Tana kawo mini tumatir a ɗan kwando, wani lokaci da albasa. Ita kaɗai ce a garin ke tsayawa bayan an watse ta taya ni share baranda, ta tambaye ni labarin mahaifiyata. Ba na ɓoye muku, ina jin daɗin zamanta, kuma wannan ma yana cikin abin da ya ɗaure mini baki. Na riƙa gaya wa kaina ai ina ba ta maganin ƙarin jini, ai ina sa ido, ai ba ni na ƙirƙiro maganar ba.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye a gonakin tudu, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman aiki a bakin kanal, don nan ne kawai ake ganin kore. Suka yi bukkokin kara a gefen gonaki, matansu na haihuwa a ciki. Aiki ya ninka, kaya suka ƙare. Safar hannu na wanke ta har ta zama kamar ganyen rama. Motar da ke kawo mana magani ta daina zuwa, aka ce ba taya. Kananzir ya yi wuya, na koma tafasa almakashi da karan dawa a bayan ɗaki. Ƙwayoyin ƙarin jini su ma suka ƙare, sai ya zama ba ni da ko abin da nake fakewa da shi. Hansai ta fara zuwa tana haki daga gidansu zuwa asibiti, tafiyar da ba ta kai kiran sallah ba. In na ja fatar idonta ƙasa sai in ga fari kamar takarda. Duk wata jini na zuba kwana goma, ita kuwa tana cewa ɗan ne yake shan jininta don zai tashi.

Inna Delu ce ta tare ni. Da hantsi ne, ina shanya safar hannu, ta zo ta tsaya da sandarta, ba sallama ba komai. Ta ce ta taɓa cikin Hansai tun bara, ta san abin da ke ciki kamar yadda na sani. Na ji sanyi a raina, na ce to ai ita ma ta ce ya kwanta. Ta watsa mini harara.

"Ke yarinya, ni in na ce ya kwanta, maganar tsohuwa ce. A ji daɗi kwana biyu, in abu ya yi tsanani a nemi wani wurin. Ke kuwa da farar riga kika faɗa, da kaho a kunne, kika rubuta a kati. Sau biyu ƙanin mijinta yana cewa a kai ta birni, ana ce masa malamar asibiti ta duba. Wa zai wuce maganarki?"

Ta ce sun sha rufa wa mata asiri da maganar kwantaccen ciki, ba ta kuma jin kunyar hakan, amma ba ta taɓa rufe mace da ita har kabari ba. Ta juya ta tafi. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar safa a hannu, kunya ta hana ni ko zama.

Talatar da ta biyo na bari aka watse, na roƙi Ladi, maƙwabciyar Hansai mai cikin wata takwas, ta ɗan tsaya. Na tambaye ta ko ta yarda Hansai ta saurari cikinta, ta ce me zai hana. Na ɗora kaho, na nuna wa Hansai yadda za ta manna kunne. Ta ji, fuskarta ta washe, ta ce kamar ɗan tsako yana tsattsaga. Na sallami Ladi, na rufe ƙofa. Mace ba ta iya jin cikinta da kaho, sai na ɗauko robar sauraro ta abin awon jini na sa mata a kunne, na ɗora bakin a mararta, na kama yatsunta biyu na aza su a tsintsiyar ɗaya hannunta. Na ce ta saurara ta gaya mini ko su biyun tare suke tafiya.

Ta daɗe. Ina jin injin ban ruwa yana ta bugu a wata gona can nesa. Sannan ta zare robar da kanta, ta ninke ta, ta miƙo mini.

"Ni kaɗai ce," ta ce.

Na ce eh. Na gaya mata ƙari ne, ba ɗa ba, tun ranar farko na sani, kuma in ba a cire ba jini zai ƙarar da ita. Na ce ta yafe mini. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba, tana ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ai na daɗe ina zargin haka, Malama. Na taɓa yin ciki, na san yadda yake. Amma da kika ce yana yiwuwa, sai na ce ke kika yi karatu."

Duk abin da aka taɓa gaya mini a aikin nan, ba wanda ya yi mini ciwo kamar wannan.

Na rubuta takardar tura ta asibitin birni, wannan karon da babbar murya. Na je gona da kaina na samu Malam Garba yana buɗe wa alkama ruwa, na faɗa masa a gaban ƙaninsa. Washegari aka sa ta a bayan a-kori-kura mai kai tumatir Kano, a kan tabarma tsakanin kwanduna. Sai da aka ƙara mata jinin mijin da na ƙaninsa kafin likita ya yarda ya taɓa ta. Da an kai ta tun ranar farko, wataƙila a cire ƙarin a bar mahaifa. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Yadda ya girma, gaba ɗaya aka cire.

Kwana biyu da dawowarsu Malam Garba ya zo da safe, ya tsuguna a bakin baranda, ya cire hula yana murzawa. Mutumin kirki ne, ku sani, bai taɓa yi mata gorin haihuwa ba, ba kuma sakinta yake shirin yi ba. Ya ce shi likita ya yi wa bayani, shi ya dangwala hannu a takarda, ita lokacin ba ta san inda kanta yake ba, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mata. Ya roƙe ni don Allah don Annabi, in ta tambaye ni in ce ƙari kawai aka cire, ta ci gaba da sa rai, don yana tsoron kada baƙin ciki ya kwantar da ita. Na ce masa jikinta ne aka yanka, ita ta fi kowa haƙƙin sani. Na ce ya gaya mata da bakinsa kafin ranar cire zare, in kuwa ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Ya miƙe ya mayar da hularsa.

"Da can ai kin iya," ya ce.

Bai gaya mata ba. Ranar cire zare ta zo, ta kwanta a gadon nan dai. Cire zare ba a yinsa da gaggawa: ki wanke wurin, ki ɗaga ƙullin da ɗan hantsaki, ki yanka a gefe ɗaya kusa da fata, ki ja ta ɗaya gefen don kada dattin waje ya bi ta cikin nama. Na cire uku, ina kan na huɗu ta ce, tana kallon rufi, "In na warke zan dawo awo?"

Na ajiye almakashi. Na ce, "A'a, Hansai. An cire mahaifar. Ba za ki haihu ba."

Ta rufe ido. Can ta ce in ƙarasa cire zaren. Na ƙarasa, na rufe wurin, ta sauka a hankali tana dafe da mara. Ta ɗauki katinta na awo daga kan tebur, ta dube shi, ta mayar ta ajiye. Ta fita ta gefen baranda, ba ta bi ta gaban benci ba.

Kada ku zaci an yi mini tafi. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari: malamar asibiti ta matsa wa ɗan da ke barci da kaho har ya mutu, ta tura aka farke uwar a birni, aka cire shi aka ɓoye. Malam Garba ya daina gaishe ni, in mun haɗu a kan kanal sai ya duƙa yana gyara wani abu a kekensa. Benci ya zama wayam. Wata huɗu ina tashi in hura wuta in tafasa almakashi, in goge gado, in zauna a baranda ina kallon mata masu ciki suna wucewa ta ɗaya gefen ruwa. Dattijon magani ma ya rage hira da ni. A cikin watannin nan Ladi ta haihu a gida, ɗan ya zo ta ƙafa, ba a kira ni ba sai da ya riga ya tafi. Wannan ma ina lissafa shi a cikin abin da gyaɗa kaina na ranar farko ya jawo. Na rubuta takardar neman canjin wuri har sau biyu, ina yagawa.

Inna Delu ce ta fara zuwa. Duk Talata ta zo da sandarta ta zauna a tsakiyar benci ita kaɗai, tana cin goro, in rana ta take ta tashi. Tsohuwa mai shekara saba'in a layin awo, yara har leƙowa suke. A hankali matan bukkoki suka fara zama kusa da ita, su baƙi ne, ba ruwansu da maganar gari. Daga baya 'yan gari suka biyo, ɗaya ɗaya, suna zuwa fuska a ɗaure.

Hansai ta warke, ta yi ƙiba, na kan hango ta da tulu tana tafiya ba haki. Shekara biyar ba ta taka barandar nan ba, ba ta kuma yi mini magana ba, ni ma ban ga fuskar da zan je mata da ita ba. Ba wanda ya sake tsayawa taya ni shara.

Sai a shekarata ta ƙarshe a garin, wata Talata ina cikin awo, na ɗago na gan ta a bakin ƙofa. Ta riƙo hannun wata yarinya mai cikin fari, matar ƙanin mijinta, yarinyar sai noƙewa take don tsoro, da alama ta sha jin labarina. Hansai ta tura ta ciki. Ba ni ta kalla ba, yarinyar take wa magana.

"Hau gadon. Duk abin da ta gaya miki, haka yake. Ƙaryarta ɗaya ce, ni ta yi wa, ta ƙare."

Na ce ta shigo ta zauna, ga wuri a benci. Ta ce a'a, za ta jira a waje. Ta taga ina ganinta a tsaye gindin dalbejiya, ta juya wa baranda baya tana kallon ruwan kanal. Na ɗora kaho a cikin yarinyar, na kama tsintsiyar hannunta, na cire hannuna daga jikin kahon, na saurara.